Warin takin masai a wata gona da ke bayan garin Katsina

## Asalin lamarin

Birnin Katsina ba shi da bututun kwasar najasa na bai-ɗaya da ya haɗa gidaje. Kowane gida da shaddarsa ko sokawensa, kuma duk ramin da aka haƙa wata rana sai ya cika. In ya cika, ko dai a kira motar tanka ta tsotse, ko a kira masu yasa da hannu su kwashe a durom. Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar zartarwa mai lamba 009 a Nuwamban 2019, wadda ta sa burin daina bahaya a fili zuwa 2025, aka matsa wa jama'a su gina makewayi, kuma an gina da yawa. Inda za a kai abin da aka yaso shi ne bai samu irin wannan kulawa ba.

Manoman kewayen birni sun daɗe da tasu dabarar. Da rani, bayan an cire amfanin gona, sai manomi ya roƙi direban tanka ya juye masa a fili, rana ta busar, kafin saukar damina a yi huɗa a kai. Mutumin da wannan nazari ya shafa yana cikin masu yin haka. Manomi ne ɗan shekara hamsin da 'yan kai, yana da gona mai kadada ɗaya da rabi a kudu maso yammacin wata sabuwar unguwa, tazarar kimanin mita 300 daga gidan ƙarshe. A 2022, da takin zamani ya yi tashin gwauron zabi bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, buhun yuriya da na kamfa suka fi ƙarfin ƙananan manoma, sai maƙwabtan gonarsa suka fara tambayarsa ko zai sayar musu da busasshen da ya rage. Daga nan ya yanke shawarar mayar da abin sana'a.

## Nuwamba 2022 zuwa Maris 2023: watannin da ba a yi ƙorafi ba

Ya haƙa rami mai tsawon mita 10 da faɗin mita 4, zurfinsa iya ƙugu. Tanka ta juye a ciki, leburori biyu su zuba sharar juji da toka a kai, a bari. Niyyarsa in saman ya bushe a kwashe a tara tsibi, a sayar a buhu ko a mangala. Ba ya biyan direbobi komai, su ma ba sa biyansa. Su sun samu wurin juyewa, shi ya samu kaya.

Watanni biyar ba wanda ya ce uffan. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, wato ta ratsa unguwar tukuna kafin ta iso gonar, ta kwashi warin ta yi daji da shi. Bushewar iskar kuma ta sa saman ramin ya yi ɓawo mai kauri cikin 'yan kwanaki. Ƙasan ɓawon nan dagwalo ne baƙi ƙirin wanda bai bushe ba, amma daga sama ba a gani. Da ya ga kasuwa ta karɓa, a Janairu ya ƙara rami na biyu, a Maris ya ƙara na uku.

## Afrilu 2023: farkon ƙorafi

Azumin shekarar ya faro a ƙarshen Maris, ya faɗo tsakiyar zafi, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 da rana. Wajen goman ƙarshe iska ta fara juyawa, tana tasowa daga kudu maso yamma kamar yadda take yi gabanin damina. Yanzu gonar take fara ratsawa, sannan ta shiga gidaje. Kuma lokaci ne da kowa ke shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a nan ake buɗa-baki, a nan ake kwana.

Warin ya fi tsanani sau biyu a yini: bayan magariba da kuma gab da asuba. A waɗannan lokuta iska kan lafa, ƙasa ta huce, sai iskar da ke dab da ƙasa ta kwanta ba ta tashi sama, ta riƙa malalowa a hankali da duk abin da ta ɗauko. Leburorin nasa kuwa, don gudun rana da ƙishirwar azumi, da asuba suke fasa ɓawon ramin su kwashe.

Mai unguwa ya aika aka kira shi bayan sallar la'asar.

"Malam, ba wanda ya ce kada ka nemi abincinka," in ji mai unguwa. "Amma mutane sun kasa kai loma baki a gidajensu."

"Ranka ya daɗe, wallahi ni da nake wuni a wurin ba na jin abin da suke faɗi. Wari dai kaɗan, irin na taki."

Wata tsohuwa da ta zo da ƙafarta ta ce, "Ɗan nan, zo ka kwana a tsakar gidana dare ɗaya, sannan ka maimaita wannan magana."

Ba ƙarya ya yi ba. Hancin da ya wuni cikin wari yakan saba har ya daina kai rahoto, shi ya sa mai aikin ne mutum na ƙarshe da zai iya auna abin da maƙwabta ke sha. Ya ba da haƙuri, ya yi alkawarin gyara kafin sallah.

## Mayu zuwa Yuni 2023: abubuwan da aka gwada

Abu na farko shi ne wanda kowa ke yi wa shaddar gidansa: Izal da baƙin mai. Ya sayi galan-galan ya kwarara a ramukan. Yini ɗaya warin magani ya danne na najasa, washegari suka haɗu suka zama wani abu daban da ya fi hawa kai. Baƙin man ya yi shimfiɗa a saman dagwalon ya toshe ɗan hanyar da iska ke shiga, kuma ya ɓata takin rami guda, don ba manomin da zai zuba baƙin mai a gonarsa da saninsa.

Na biyu, toka da farar ƙasa, buhu-buhu. Wannan ya yi aiki ta gefe ɗaya: ɗoyin nan mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai ya ragu sosai. Sai dai zarni ya taso a madadinsa, mai yaji, har leburori na hawaye. Dalilin a fili yake. Najasa cike take da naitirojin, yawancinsa narke a ruwa. Toka da farar ƙasa suna kashe tsamin ruwan su mayar da shi mai kanwa-kanwa, kuma da zarar haka ta faru, ga zafi, sai naitirojin ɗin ya rikiɗe ya zama iskar amoniya ya tashi. Abin da ke yi wa mutane yaji a hanci shi ne ainihin abincin shukar da ake son sayarwa, yana bin iska.

Na uku, tamfol. Ya rufe tsibin da aka kwashe ruf, ya danne gefuna da duwatsu. Kwana huɗu unguwa ta sarara. Ran da aka yaye don a ɗebi na sayarwa, abin da ya taru a ƙasa ya fito gaba ɗaya, har masu wucewa a babur suna toshe hanci. Gyaran gangar Auzinawa ke nan: tsibin da dama iska yake nema, an ƙara shaƙe shi.

## Yuli zuwa Satumba 2023: lokacin da abin ya ƙazanta

Abubuwa biyu suka haɗu. Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu, direbobi suka daina son tafiya mai nisa, gonarsa kuwa tana kusa, sai motoci suka ƙaru. Bai iya cewa a'a ba, wasu ma cikin dare suke zuwa su juye su tafi. Sannan ruwa ya sauka. A Agusta, watan da ruwa ya fi yawa a Katsina, ramukan uku suka cika suka batse, baƙin ruwa ya bi gangare ya nufi hanyar da yara ke bi zuwa makarantar allo. Ƙudaje suka yi yawa a gidajen gefe, masu rijiya suka fara tsoron ruwansu.

A tsakiyar watan wani lebura ya shiga rami na uku da shebur don ya buɗe wa ruwa hanya. Yana cakuɗa dagwalon jiri ya ɗebe shi, ya durƙusa, ɗan'uwansa ya jawo shi da igiya. Ya farfaɗo a inuwa. Iskar da ta buge shi ita ce haidirojin salfaid, mai ɗoyin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke taruwa a duk inda najasa ta ruɓe ba iska. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a ƙasan rami take kwanciya. In ta yi yawa takan kashe jin warin ma gaba ɗaya, mutum ya ɗauka ta wuce, alhali a lokacin ne take iya kisa.

Bayan wannan mai unguwa ya kai magana gaba. Duba-gari ya zo ya ba da takardar gargaɗi ta kwana bakwai: a daina karɓar mota, a tare ruwan da ke fita, a rufe ramukan. An yi shinge da buhunan yashi, aka bi ramukan da busasshiyar ƙasa mai kaurin taƙi biyu. Cikin mako biyu warin ya faɗi. Sana'ar ma ta tsaya cak.

## Oktoba 2023 zuwa Fabrairu 2024: sake tsari

Duba-garin nan bai tsaya a takarda ba. Ya koma gonar da kaka, ya zauna da manomin da babban ɗansa, ya ce musu abin da suke yi tun farko jiƙa najasa ne a rami, ba a fara haɗa taki ba tukuna. Ƙwayoyin halittar da ke mayar da ƙazanta taki numfashi suke yi. In sun samu iska, abin da suke fitarwa zafi ne da tururi da ƙanshin ƙasa. In ruwa ya cike duk ƙofofin da iska za ta bi, sai wasu ƙwayoyin daban su karɓi aikin, su ne masu fitar da ɗoyin ƙwai da tsamin nan mai tayar da zuciya. Saboda haka aka tsara aikin a kan abu uku: a raba ruwa da kauri tukuna, a haɗa da abin da zai buɗe wa iska hanya, a kuma daidaita yawan kaya da girman fili.

An gina gadajen shanya guda uku a tudun gonar, can ƙarshen da ya fi nisa da gidaje, wanda ya ƙara tazarar da kusan mita 100. Kowanne an kewaye shi da bulo, an shimfiɗa tsakuwa a ƙasa, yashi a sama, da bututu mai huji-huji da ke kai ruwan da ya tsane cikin wata rufaffiyar kwatarniyar siminti. Ƙa'ida ita ce kada kaurin abin da aka juye ya wuce santimita 25. Da rani, cikin kwana goma zuwa mako biyu yake tsagewa ya ɗago daga yashin kamar ƙanzo, a sa shebur a kwashe. Irin wannan tsari, a shanya tukuna sannan a haɗa da sharar da ke ruɓewa, an gwada shi tun farkon shekarun 2000 a Buobai da ke Kumasi ta ƙasar Ghana, tare da cibiyar binciken ruwa ta IWMI.

Kafin haɗawa akwai aikin da ba wanda ke so: tsince leda, tsumma, famfas, audugar mata da fasassun kwalabe da manjagara. Mutane na jefa komai a shadda. Leburorin yanzu suna sa takalmin roba da safar hannu da takunkumi, kuma an haramta shiga kowane rami.

Haɗin farko bai yi ba. An yi amfani da diddigar katako zalla, mai laushi, sai ta shanye ruwa ta dunƙule, tsibin ya ƙi ɗaukar zafi, tsakiyarsa ta fara tsami. A karo na biyu aka canza: baro ɗaya na busasshiyar najasa, baro biyu zuwa uku na buntun shinkafa da ɓawon gyaɗa da yankakken karan dawa. Lissafin da ke bayan wannan shi ne, ƙwayoyin da ke ruɓar da taki sun fi son kabon, wato sinadarin da ya yi yawa a busasshen kara da buntu, kashi 25 zuwa 30 a kan kowane kashi ɗaya na naitirojin, najasa kuwa naitirojin ya yi mata yawa, kabon ya yi kaɗan. Buntu da kara suna cike giɓin, kuma da yake ba sa lanƙwamewa, suna barin ƙofofin iska. An daina zuba toka kwata-kwata.

Ana jera tsibin a dogon layi, tsayi mita ɗaya da rabi, faɗi mita biyu, a kan shimfiɗar kara. Laimar da ake so kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ce, kuma ba na'ura ake aunawa da ita ba. Ɗan manomin kan sa safar hannu ya damƙo daga tsakiya ya matse. In ruwa ya zubo ta tsakanin yatsu, ya jiƙe da yawa, a ƙara buntu. In ya buɗe hannu abin ya wargaje, ya bushe, a yayyafa ruwa. In ya tsaya a dunƙule da ɗigo ɗaya ko biyu, ya yi. Da hunturu matsalar bushewa ce ta fi yawa, har sai an riƙa ba tsibi ruwa. Ruwan kwatarniyar nan ana zuba shi a sabon tsibi kaɗai, ba a kai shi kan wanda ya riga ya dahu, don kada a mayar masa da cutar da zafi ya kashe.

Daga ƙarshe a lulluɓe tsibin da tsohon takin da ya nuna, kaurin santimita 15. Wannan dabara ta fito ne daga Beltsville a Amurka, inda masu binciken ma'aikatar gona suka yi fama da warin takin najasa a shekarun 1970. Su da fanka suke jan iska ta cikin tsibi. A nan ba wuta, don haka lulluɓin kaɗai aka ɗauka. Bambancinsa da tamfol shi ne iska na ratsa shi, kuma ƙwayoyin da ke cikinsa suna cinye warin kafin ya fita.

An sayi ma'aunin zafi mai dogon tsinke. A kwana na uku tsakiyar tsibin ta haura digiri 55, wata rana ta kai 65, da sassafe ana ganin tururi. Ƙa'idar da suka bi ita ce ta dokar hukumar kare muhalli ta Amurka ta 1993: tsibin da ake juyawa ya riƙe digiri 55 ko fiye na kwana 15, a juya shi aƙalla sau biyar a cikinsu. Juyi kuwa shi ne lokacin da wari ke fita ko da an yi komai daidai. Saboda haka aka kafa sanda da ƙyalle a samanta, ba a juyi sai ƙyallen ya nuna iska ba ta nufi unguwa ba, kuma tsakanin hantsi da azahar kawai, lokacin da zafin rana ke ɗaga iska sama. Ba a juyi ranar Juma'a. Daga haɗawa zuwa nuna, wata uku.

## Maris zuwa Satumba 2024: gwajin gaske

Abin da aka gani da hunturu ba hujja ba ne, tunda bara ma hunturu bai nuna komai ba. Don haka mai unguwa ya zaɓi gidaje uku na gefe, ciki har da na tsohuwar nan, ya ce duk ran da suka ji wari su aiko yaro ya faɗa, a rubuta rana da lokaci a littafi. Manomin shi ma yana rubuta ranar da mota ta juye da ranar da aka yi juyi.

Da iska ta juya, aka gwama littattafan biyu. Kusan duk ƙorafin ya faɗo ne a ranakun da tanka ta juye ɗanyen kaya, awa ɗaya zuwa biyu, musamman in daga makewayin kasuwa ko tasha aka yaso, wanda bai daɗe a rami ba. Na sokawen gida da ya shekara biyu ko uku bai kai shi wari ba. Sai aka ƙara ƙa'ida: mota ba ta juyewa sai da hantsi, a sa bakin tiyo a ƙasa maimakon a watso daga sama, a bi da buntu a kai nan take. An sa ƙofa da kwaɗo a mashigar gonar.

Daga Yuli zuwa tsakiyar Satumba an rufe karɓar kaya gaba ɗaya, tunda gadon shanya ba ya bushewa a ƙarƙashin ruwan sama. Tsibin da ke kan nuna aka yi musu rumfar kwano mai buɗaɗɗen gefe, aka haƙa lambatu ya kewaye su. Damina ta wuce ba baƙin ruwa a hanya, ba a sake kiran duba-gari ba.

Kuɗin da ke shigowa bai kai na shekarar farko ba. Motocin da yake karɓa ba su kai rabin na da ba, buntu da kara saye ake yi, kara ma ana rububinsa da masu dabbobi da masu danga, tsibi kuma yakan zabge kusan rabi kafin ya nuna. Abin da ya rage masa asara shi ne takin ya fi na da daraja, baƙi ne mai laushi, masu gero da dawa da masu renon itatuwa suna saye tun kafin ya gama nuna.

## Abin da lamarin ya nuna

A ganina mai unguwa da tsohuwar nan sun yi daidai tun ranar farko, kuma takardar duba-gari ba zalunci ba ce. Izal da toka da tamfol sun gaza ne don duka ukun warin suka bi, suka bar ruwan da ke haifar da shi. Cikin gyare-gyaren da aka yi, biyu ne suka ɗauki nauyin aikin: gadon shanya, da kwaɗon da aka sa a ƙofa. Buntu da lulluɓi da ƙyallen iska duk sun taimaka, amma da ya ci gaba da karɓar duk motar da ta zo, da gadaje uku sun koma ramuka uku cikin wata guda.

Akwai sauran aiki a kan lafiya. Rashin wari ba ya nufin cuta ta mutu. Ƙwan tsutsar ciki yana da taurin rai, gefen tsibi kuma ba ya zafi kamar tsakiya. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2006 ta nemi kada ya wuce ƙwai ɗaya a kowane giram na busasshen taki, kuma a bar aƙalla wata guda tsakanin zuba shi da girbi. Takin wannan gona ba a kai shi ɗakin gwaji ba, shi ya sa duba-gari ya hana sayar wa masu latas da kabeji da sauran abin da ake ci ɗanye. Ina goyon bayan wannan hani har sai an gwada.

Abin da ya fi damuna shi ne motocin da aka mayar daga ƙofa. Shaddodin birni ba su daina cika ba don an sa kwaɗo a gona ɗaya, kuma da damina suka fi cika. Direban da aka hana juyewa a nan kududdufi ko kwari zai nema cikin dare. Wannan ya fi ƙarfin manomi da mai unguwa. Aikin hukuma ne ta keɓe fili na dindindin don juye najasa, a yi la'akari da inda iskar damina ke bi, a kuma hana yanka filayen gidaje dab da shi. Gonar da ke tsakanin gonar manomin da unguwar an riga an sayar da ita an yanka fuloti, kuma in aka gina su, gidan ƙarshe zai dawo ƙasa da mita 150 daga gadajen shanya, tazarar da tsarin yanzu ba zai wadatar ba a ranar da mota ta juye.